Buhunan Ƙodagon Kakana

Ranar da Kaka ya rasu, maƙwabciyarmu ta shigo gaisuwa mayafi a karkace, ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Ashe tsohon nan mai tsintar ƙodago ya tafi? Allah ya jiƙansa. To yanzu wa zai riƙa share mana bakin makaranta?" Inna ta ce amin. Ni kuwa ina gefe ina neman muciya da ido.

Haka aka yi ta shigowa, kowa da irin Kakan da ya sani. Limamin unguwa ya faɗa a zaure cewa marigayi mutum ne mai haƙuri. Na jiyo ta taga, saura ƙiris dariya ta kuɓuce min a tsakiyar makoki. Haƙuri? Mutumin da na ga ya yi wa kaza faɗa tun hantsi har azahar don ta taka masa buzu? Gwaggo, ƙanwar Babana, ta suma, ta farfaɗo ta tambaya ko an kai wa baƙi ruwa, da aka ce an kai sai ta koma ta ƙarasa sumanta. Wanda ya karya min zuciya shi ne wani direban babbar mota da ke yada zango a Diko. Bai ji labari ba. Ya zo da buhu a ka yana ƙwala sallama, "Baba, ga saƙonka daga arewa, wannan karon manya ne!" Sai ya ga tabarmi a shimfiɗe, mutane sun yi jugum. Ya sauke buhun a hankali kamar mai sauke jariri, ya zauna a kai, ya fashe da wani kuka mai kama da hon ɗin motarsa.

Babana, wanda shi ne ɗan farin Kaka, bai yi kuka ba. Yana karɓar gaisuwa, amma idonsa na ta komawa kan ɗakin da ke jikin zaure, inda Kaka yake aiki. Yana kallonsa daga bango zuwa bango kamar tela na awon yadi.

Damina ce, itacen gidanmu duk ya jiƙe. Mata sun ɗora tukwanen tuwon baƙi, wuta ta ƙi kamawa sai hayaƙi. Gwaggo, da ta gama da suma, ta ce, "Ji min mata! Kuna fama da jiƙaƙƙen ice ga buhunan ƙodago can a jibge? Ai ya fi gawayi ci." Ba ƙarya ta yi ba, maƙera ma da shi suke hura wuta. Ina ɗaki na ji ƙauri, na ji tas-tas kamar ana toya gugguru. Na fito a guje ko ɗankwali babu. Buhu guda ya riga ya tafi, ƙarƙashin tukunya ya yi jajir. Na faɗa kan sauran na baje hannuwa, na ce sai dai a haɗa da ni a hura.

"Ke, tashi, mara kunya! Gidan mutuwa ne nan!"

"Gwaggo, ai shi ya sa. Mijina ne ya mutu, kayansa ne, ni ce mai takaba."

Mata suka cusa baki a mayafi. Ba mai iya hana jika ta kira kakanta miji, ko a gaban makara ne. Amma wasa ba ya dafa tuwo, kuma Gwaggo ta riga ta kama ƙafata tana ja. Ana cikin haka wata tsohuwa ta shigo, ɗaurin itace a kafaɗa yadda matan ƙauyukanmu suke ɗauka. Daga Chaza ta tako. A kasuwa ta ji rasuwar, ta koma gida ta zaro busasshen icen da ta ɓoye wa kanta, don ta san abin da gidan makoki ke nema da damina. Ta sauke a gindin murhu, ta taɓa jajayen duwatsun da ke wuyanta, ta ce, "Marigayi ya yi min alheri." Ta ɗan zauna a bakin ƙofa, ta tashi ta tafi ko ruwa ba ta sha ba.

Buhunan sun tsira a ranar, amma tsirar ba ta da nisa. Bayan la'asar na ji Baba yana ce wa Inna, "Da an yi sadakar arba'in za a kwashe tarkacen nan a shafa farar ƙasa. Masu zuwa aikin sabon birni har ƙarƙashin mota suke kwana, mu ga ɗaki cike da ƙwallaye. Buhunan a kai wa maƙera." Inna ta ce to.

Ba zan ce Baba mugu ba ne. Rufinmu na yoyo, muna da yawa kamar 'ya'yan zabuwa. Kuma tun da aka ɗauke mana sunan gari aka kai wa daji, aka bar mu da Suleja, duk wanda ke da akurkin kaji ya kori kajin ya sa ɗan haya. Amma in aka ƙone buhunan nan aka shafe ɗakin, abin da zai saura a bakin mutane shi ne tsoho mai share bakin makaranta. Shi ya hana ni zama, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kaka mutumin can arewa ne, inda goruba ke tsaye a kowace gona. Fatauci ya kawo shi yana saurayi, ya ga ruwa da doya ya ƙi komawa. A nan kuwa giginya muke da ita, goruba sai a tiren masu talla. Don haka rabin rayuwarsa ya yi ta ne yana gadin bakin yara. Da an fito tara zai tsaya a ƙofar makaranta da buhunsa, ya zuba wa mai gwaguyar goruba ido har abin ya fita daga ran yaro. "Kai, gama ka ba ni! Kana ta lasa kamar gadon ubanka." Sauran kuma direbobi ke kawo masa, su ma shi ya yi rainonsu da zagi da addu'a.

Abin da mutane ba su sani ba, ƙodagon da suke shura da ƙafa gida ne kawai. A cikinsa akwai ƙwallo fari. Yana ɗanye ana cinsa, ƙwalshi ke nan. In ya bushe kuwa, ya fi kan Gwaggo tauri. Kaka yakan jibge su su shekara, wasu su ƙara wata shekarar. Sai ya ɗauki ɗaya ya kaɗa a kunne. In ya yi shiru ya mayar, ya ce, "Wannan bai gama tunani ba." In ya yi ƙwal-ƙwal sai ya fasa da gizago, ya yanka da zarto, ya goge da magagari, ya huda da tsinken ƙarfe da yake murzawa da 'yar baka. Daga nan aiki ya zo hannuna. Ni ke gogewa da wani ganye mai kaushi na bakin rafi, in shafa man kaɗanya, in zura a zare. Carbi, maɓalli, zobe, 'yan kunne, duwatsun wuya. Wanda aka bari fari, hannu ke rina shi a hankali har ya koma kalar man shanu. Wanda ake so ja a tsoma a lalle, shuɗi kuma a kai marina.

Shi yana kiransa hauren talaka. Wani Bature ya taɓa zuwa da tafinta, ya juya zobe a rana, ya tambaya ko hauren giwa ne. Kaka ya ce, "Gaya masa giwar tana nan da ranta, baɗi ma za ta sake ba ni." Tafinta ya yi gumi kafin ya fassara. Bature ya tafi da zobe, da alama har yau yana neman giwar.

Alherinsa ma da masifa yake yinsa. Tsohuwar nan ta Chaza, gobara ce ta cinye mata ɗaki ana gab da aurar da 'yarta, har da duwatsun wuyan da ta gada daga uwarta. Kaka ya tarar da ita a kasuwa tana kuka a kan tulin doya. Ya ce ta kwatanta masa su. Ya zo ya zauna a kansu ya bar duk wani aiki. In ya tsoma a lalle ya nuna mata, ta ce ja bai kai ba. Ya sake, ta ce ya wuce. Yana yi yana min mita, ni da yake kira Amarya: "Wannan mata ta fi sarki zaɓe! Amarya, in na sake yi wa wani kirki ki fasa min kai." Da aka dace da kalar, ya yi biyu, ɗaya na 'yar ɗaya na uwar. Ta kawo doya ya kore ta da ita, wai haƙoransa sun yi ritaya. Ganyen goge-goge kawai ya ce ta riƙa tsinko masa.

Tsakaninsa da Baba kuwa sai a hankali. Kunyar ɗan fari, Kaka ya ɗauke ta ya kai ta inda ko kakanninsa ba su kai ba. Bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa duban idonsa ba. Sunan Baba a bakinsa "mutumin nan". Suna zaune a tabarma ɗaya, gwiwa na gogar gwiwa, sai a aiko a kira ni daga bayan gida in zo in kai saƙo. Ni kuma, tunda ba a biyan ɗan aike, nakan ɗan ƙara barkono a hanya.

Rigimarsu babba a kan riga aka yi ta. Baba ya sami aikin kula da sito a wani kamfanin hanya, ya sayi farar shat mai maɓallan roba, Inna ta wanke ta shanya. Tun ranar da aka ce an ɗauke shi aiki na ga Kaka ya zazzage buhu bayan buhu yana zaɓe. Ya yi maɓalli ya jefar, ya yi wani ya jefar, ya hana ni taɓawa. Ranar jajiberin fara aiki, Baba ya tafi aski, Kaka ya lallaɓa ya sauke rigar daga igiya, ya yanke maɓallan roba tas ya watsa a kwata, ya ɗinka nasa. Kyau kam sun yi kyau, kamar haƙoran jariri. Sai dai kowanne ya yi kaurin ƙosai. Da safe motar ma'aikata na hon a bakin titi, Baba na kokawa da maɓalli, maɓalli ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai shiga ramin nan ba.

Baba ya fito zaure riga a buɗe. Aka kira ni.

"Tambayi kakanki me na yi masa."

"Ango, wai me..."

"Ina da kunne. Gaya wa mutumin nan roba ba ta tsufa da mutum, karyewa take."

"Baba, wai in ji..."

"Na ji. Gaya masa ni ba yaro ba ne. Ya bar taɓa min kaya."

"Gaya masa ramin rigar ne ya yi kaɗan. Maɓallina ba ya laifi."

Ranar ban ƙara barkono ba, miyar ta ji da kanta. Baba ya tafi aikin farko da tsohuwar taguwa, ya dawo ya ninke shat ɗin ya danna a ƙasan akwati. Daga nan saƙo ya ragu, ya koma ina kwana da ina wuni. Amma ni da nake zama kusa da buzu na lura da abu guda. Kullum in motar ma'aikata ta yi hon, magagarin Kaka yakan tsaya cak. Sai takun Baba ya wuce zaure ya fita, sannan ya ci gaba da gurzawa, yana motsa baki a hankali.

Ciwonsa bai daɗe ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ya yi ta faɗa da magani, ya yi ta faɗa da mai ba da maganin. Maganar ƙarshe da ya yi min ita ce, "Amarya, in kin sake miji ki nemi mai haƙora." Da hantsin wata Laraba ya cika.

Kwanakin da suka biyo baya ban san zama ba. Na roƙi Inna, ta ce maganar maza ce. Na roƙi Gwaggo, na ce ni zan ci gaba da aikin, ta ce, "Mace da zarto? Allah ya sawwaƙe." Wani mai neman haya ya zo duba ɗakin, na tare shi a ƙofa na gaya masa a asirce cewa ƙodagon ciki suna yawo da kansu, har sallama suke amsawa. Ya ce shi daga Kano ya zo, ya kwana a tasha da ɓeraye masu girman akuya, ƙodago mai sallama ai maƙwabcin kirki ne. Na kai ɗan buhu ƙarƙashin gadonmu, ƙannena suka mai da shi ƙwallon ƙafa. Kullum na wuce ɗakin sai in ga kamar ya ƙara matsowa kusa da wutar maƙera.

Ranar sadakar arba'in gida ya cika, ana rabon waina da gumba. A irin wannan rana jikoki ke da fili, su sa kayan mamaci su kwaikwaye shi, a yi dariya a rage baƙin ciki. Na zura babbar rigar Kaka, ta ja ƙasa kamar zan share unguwa. Na kafa hularsa, na manna auduga a haɓa, na saɓa buhu. Na fito tsakar gida ina ɗingishi, na tsaya kan wata baƙuwa mai cin goro na ce, "Ke, gama ki ba ni ƙwallon!" Na kori kaza da zagi har ta haye katanga. Na kama kan Gwaggo na kaɗa a kunnena na ce, "Wannan bai gama tunani ba." Mata suka zube. Gwaggo ta yi dariya har dariyar ta juye kuka, ta riƙe gefen rigar tana shanshanawa.

Sai ga Baba ya shigo karɓar wainar maza. Ya gan ni cikin rigar ubansa, ya tsaya da faranti a hannu.

Ni 'yarsa, ban isa in ɗaga masa murya ba. Amma ranar ba ni ba ce a cikin rigar. Na juya masa ƙeya yadda Kaka yake yi, na fizgo autanmu, wanda ko wando bai iya ɗaurawa ba.

"Kai, gaya wa mutumin nan na ji wai zai kai min dukiya maƙera."

Aka yi dariya. Auta ya ce, "Baba, wai maƙera."

"Gaya masa ramin rigar ne ya yi kaɗan."

Dariya ta ƙaru, don kowa ya san labarin. Baba ma gefen bakinsa ya motsa. Da na tsaya nan da an tashi lafiya. Amma bakina ba shi da birki, kuma ƙamshin man kaɗanyar da ke jikin rigar ya hau min kai.

"Gaya masa ba don in ɓata masa riga na yi ba. Duk buhunan nan na zazzage kafin na sami waɗanda suka dace da shi. Ni ban san yadda ake ce wa ɗan fari Allah ya ba da sa'a ba. Shi ne na ɗinka masa a ƙirji."

Dariya ta ɗauke. Kaka bai taɓa faɗin wannan magana ba, ni na haɗa ta. Amma na ga zaɓen, na ga magagari na tsayawa, kuma na rantse ko shi aka tasa ba zai ƙaryata ni ba, sai dai ya zage ni. Auta ya dubi Baba ya ce, "Wai..." ya rasa ta inda zai kama, ya fashe da kuka.

Baba ya ce, "Na ji." Ya ajiye farantin a ƙasa ya fita, wainar ma bai ɗauka ba.

Inna ta ja ni ɗaki ta murɗe min kunne har na ga taurari da rana. Gwaggo ta ce na wuce gona da iri. Baba bai ce min komai ba, ranar da washegari da wanshekaren washegari. Na gwammace ya dake ni in san matsayina.

Sai wata safiya na ga kafinta a zaure da katako da ƙusa. Na ce shi ke nan, ta faru ta ƙare. Na zauna a bayan ɗaki ina jin guduma. Da azahar Inna ta ce in je in ɗauko tsintsiya a ɗakin Kaka. Na leƙa. An raba ɗakin biyu. Babban ɓangaren mai ƙofar waje an shafa masa farar ƙasa, na mutumin Kano ne. Ta wajen taga kuma an bar wani siririn lungu, buhuna jere har rufi, buzu a ƙasa, zarto da gizago a rataye. Faɗinsa, in kana son juyawa sai ka fita waje ka juyo ka dawo.

Ban yi godiya ba, don ba wanda ya ce min nawa ne. Shiga kawai na yi na zauna. Na fasa ƙodago, na ɗauki zarto, abin da ban taɓa riƙewa ba. Na farko ya tsage. Na biyu ya yi tsalle ya bugi katako, mutumin Kano ya ce daga can, "Wa alaikumus salam!" Na uku na yanka shi a karkace kamar bakin mai shanyewar jiki.

Ina cikin na huɗu aka tare min haske. Baba ne a bakin lungun, ya dawo daga aiki. Ya daɗe yana kallon ɓarnar da na tara a gabana.

"Wa ya ce miki haka ake riƙe zarto?"

Na sauke zarton.

"Matsa."

Ba inda zan matsa, sai na hau kan buhu. Ya cire takalmansa ya shigo a gicciye, ya zauna a buzu, gwiwarsa ɗaya na tokare da bango ɗaya da katako. Ya danne ƙwallon da babban yatsan ƙafa, ya tofa yawu a bakin zarto, ya ja a hankali. Faifai ya faɗo sumul, siriri kamar an yanka albasa. Na buɗe baki. Ashe kafin ya san hanyar makarantar boko a kan buzun nan ya girma, ba wanda ya taɓa gaya min.

Ya ɗaga faifan a hasken taga, ya juya shi, ya goge ido da bayan hannu, wai garin ƙwallon ne ya shiga. Bai dube ni ba ya miƙo hannu.

"Kawo wani."

Allah ya jiƙanka, Ango, ya yafe maka faɗan da ka yi wa mutane da kaji, ya yalwata maka makwanci fiye da lungun da ka bar mana. Mu biyu ne a ciki yanzu, kuma ba mu isa mu cike gurbinka ba.